MARSHAL TITO, MAƘERIN DA YA ƘI DURƘUSA WA STALIN

Duk wanda ya saba bin hanyar Badagry a Ikko ya san filin baje kolin nan na Trade Fair, amma ba kowa ya san cewa wani kamfanin ƙasar Yugoslabiya mai suna Energoprojekt ne ya gina shi ba, aka buɗe shi a 1977. A lokacin, shugaban wannan ƙasa shi ne Marshal Josip Broz Tito, mutumin da ya yi mulkin gurguzu amma ya ƙi karɓar umurni daga Mosko.

An haifi Josip Broz a watan Mayu na 1892 a ƙauyen Kumrovec na yankin Croatia. Iyayensa talakawa ne manoma. Ya yi 'yar makarantar firamare, sa'an nan ya koyi ƙirar makullai a garin Sisak. A Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin sojan daular Austria da Hungary. A 1915 aka yi masa rauni, Rashawa suka kama shi, kuma a can juyin mulkin 1917 ya same shi. Ya komo gida a 1920 yana cikakken ɗan gurguzu. A 1928 aka ɗaure shi saboda siyasa, bai fito ba sai 1934. Daga nan ya ɗauki sunan ɓoye na Tito.

Shi kuwa gidan sarautar Yugoslabiya bai yarda da gwamnatin Rasha ba ko kaɗan. Sai a watan Yuni na 1940 ƙasashen biyu suka ƙulla hulɗar jakadanci, aka aika Milan Gavrilović Mosko. Ba a cika shekara ba Jamus ta mamaye Yugoslabiya a Afrilun 1941. Tito ya shiga duwatsu da mayaƙansa, suka yi ta gwabzawa. Ko da yake sojojin Rasha sun taimaka wajen ƙwato Belgrade a Oktoban 1944, yawancin ƙasar mutanen Tito ne suka 'yanto da jininsu. Wannan shi ya bambanta shi da sauran shugabannin Gabashin Turai waɗanda tankokin Rasha suka ɗora kan mulki.

A Afrilun 1945 ya je Mosko ya sa hannu a yarjejeniyar abota. To, amma zaman bai yi daɗi ba. Mutanen Tito suna ƙorafin cewa jakadan Rasha, Anatoly Lavrentiev, da mashawartan da aka turo, suna neman 'yan leƙen asiri a cikin soja da jam'iyya. Shi kuma Stalin yana jin haushin yadda Tito ke shirya al'amura da Albaniya da Bulgeriya ba tare da neman izni ba. A Maris na 1948 Rasha ta janye mashawartanta. Ran 28 ga Yuni aka kori Yugoslabiya daga ƙungiyar jam'iyyun gurguzu ta Cominform.

Daga nan sai abu ya ƙazanta. Aka tsinke ciniki, aka jibge sojoji a bakin iyaka. A Satumban 1949 Rasha ta soke yarjejeniyar abota, a Oktoba kuma ta sallami jakadan Yugoslabiya, Karlo Mrazović. Duk da haka ba a rufe ofisoshin jakadanci ba. Kowane ɓangare ya bar muƙaddashi yana riƙe da ofis, watau an tura ƙofa amma ba a sa sakata ba. Tito ya karɓi taimakon abinci da makamai daga Amurka don ya tsira. A cikin gida kuwa bai yi sassauci ba, gama dubban mutanen da aka zarga da goyon bayan Stalin an kai su kurkukun tsibirin Goli Otok, inda suka sha azaba, waɗansu ma can suka mutu.

Stalin ya mutu a Maris na 1953. Bayan wata uku Mosko da kanta ta nemi a mai da jakadu. Vasily Valkov ya zo Belgrade, Dobrivoje Vidić ya tafi Mosko. Ran 26 ga Mayu, 1955, Khrushchev da Bulganin suka sauka a Belgrade don neman shiri. Ran 2 ga Yuni aka sa hannu a takardar da ta amince cewa kowace ƙasa tana da ikon zaɓar tata hanyar. Ƙasa mai ƙarfi ce ta tako ta zo gidan ƙarama.

Shirin ma bai rasa tangarɗa ba. A Nuwamban 1956, da Rasha ta murƙushe boren Hungary, firayim ministan ƙasar, Imre Nagy, ya fake a ofishin jakadancin Yugoslabiya da ke Budapest. An yi alkawarin ba za a taɓa shi ba, amma yana fitowa aka cafke shi, aka kashe shi a 1958. A 1968 kuma Tito ya la'anci mamayar Czechoslovakia a fili. Amma ba a sāke korar jakada ba.

Wanda ya sha wannan wuya ya san amfanin yawan abokai. Tito ya haɗa kai da Nasser na Masar da Nehru na Indiya. A 1961 ya zagaya Afirka a jirgin ruwa, ya ziyarci Ghana da Togo da Laberiya da Gini da sauransu. A Satumban wannan shekara ƙasashe 25 suka taru a Belgrade suka kafa Ƙungiyar 'Yan Ba-ruwanmu, waɗanda ba sa bin Amurka ba sa bin Rasha. Nijeriya ta shiga a taron Alƙahira na 1964.

Tito ya mutu ran 4 ga Mayu, 1980, a asibitin Ljubljana, bayan an yanke masa ƙafa. Wakilan ƙasashe fiye da 120 suka halarci jana'izarsa, har da Brezhnev na Rasha. Ƙasar da ya riƙe shekara 35 ba ta daɗe a bayansa ba. Bashi da gābar ƙabilanci suka ci ƙarfinta, ta fara wargajewa da yaƙi a 1991, shekarar da ita ma Tarayyar Sobiyet ta rushe. Yau jakadan Rasha da ke zaune a Belgrade wakili ne ga ƙasar Sabiya.