Muhammadu al-Katsinawi: Masanin Hisabi da Hatimi

Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda aka fi sani da al-Katsinawi, yana daga cikin fitattun malaman ƙasar Katsina na ƙarni na 18. Ya yi karatu a wajen manyan malaman zamaninsa, cikinsu har da Shehu Muhammadu al-Wali na Bagarmi, ya kuma shahara a fagen hisabi da ilmin taurari da nahawu. A wajajen 1730 ya tafi aikin Hajji, daga nan ya yada zango a Alƙahira.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne littafin Bahjatul Afaƙ na 1732, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi, wato wafaƙi, mai gidaje mara. Hatimi shi ne jeren lambobi a cikin gidaje, ta yadda jimlar kowane layi za ta zo ɗaya, a kwance, a tsaye, da kusurwa zuwa kusurwa. A hatimi mai gida uku-uku, jimlar ita ce 15.

Ana gane ƙimar wannan aiki idan aka auna shi da dace. Lambobi 1 zuwa 9 suna iya jeruwa ta hanya 362,880, amma 8 kacal ke zama hatimi. A mai gida biyar-biyar kuwa, ko kwamfutar da ke gwada jeri biliyan ɗaya a daƙiƙa sai ta shafe fiye da shekara miliyan 400 kafin ta gama gwada su duka. Mai bin ƙa'ida irin ta al-Katsinawi taki 25 kawai zai yi, domin ƙa'idar ke nuna gidan da kowace lamba za ta faɗa. Wannan tambaya, wato yawan takun da lissafi ke buƙata, ita ce ke damun masana kwamfuta a yau, musamman wajen gwada ko jerin lambobi na dace ne ko yana ɓoye da wani tsari.

Al-Katsinawi ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan wannan shehu, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya taskace tarihinsa a cikin Aja'ibul Asar, har labarinsa ya iso gare mu.