Mustafa Alasan, Mutumin da Ya Shigar da Kwaɗi Silima

In akwai tele a gidanku, ko salula mai hoto, kun san abin da ke faruwa da marece. Yara su taru, su yi tsit, suna kallon zane mai motsi. Ga ɓera da wando. Ga agwagwa da hula. Ko tuwo aka kira su, sai an yi da gaske.

Yawancin zane-zanen nan daga Amurka, Faransa ko Japan suke zuwa. Amma kun san an yi wani mutum a nan Yamai wanda ya yi irinsu da hannunsa, tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu? Sunansa Mustafa Alasan. A jikin finafinansa ana rubuta sunan da harufan Faransanci, Moustapha Alassane. Ga labarinsa.

Kwali da fitila

An haifi Mustafa a shekarar 1942, lokacin mulkin Turawa. Tun yana yaro hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Yana son zane ƙwarai.

A zamanin babu tele. Sai ya riƙa yanka siffofin mutane da dabbobi da kwali. In dare ya yi, ya kunna fitila a bayansu, inuwarsu ta fito da girma. Ya motsa su, ya haɗa da labari. Yara su taru suna kallo. Kun ga silima ke nan, ba inji, ba lantarki.

Da ya girma ya koyi aikin makanike. Kada ku ce wannan sana'a ba ta da haɗi da silima. Ita ce ta koya masa kwance inji da ɗaure shi. Duk rayuwarsa, in wani ƙarfe ya lalace a wurin aiki, ba ya jiran a kawo sabo daga Turai. Da kansa yake gyarawa, ko ya ƙera wani.

Daga gareji zuwa silima

A Yamai ya haɗu da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch. Shi Rouch ya daɗe yana ɗaukar finafinai a bakin kogin Kwara, cikin Zabarmawa da Sonrai. Yana aiki a wata cibiyar bincike da ake kira IFAN a lokacin. Nan Mustafa ya fara taɓa kayan ɗaukar fim.

Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Shekara biyu bayan haka, a 1962, Mustafa ya fitar da gajeren fim mai suna Aouré. Sunan ai kun gane shi, aure ke nan. Fim ɗin ya nuna yadda ake neman aure da yadda ake biki a wani ƙauyen Zabarmawa. Yana cikin finafinai na farko da ɗan Afirka ta yamma ya yi a ƙasarsa, da mutanensa. Shekararsa 20 kawai a lokacin.

Daga nan ya samu dama ya tafi Kanada, birnin Montreal. Can ya yi aiki kusa da wani gwanin zane mai motsi mai suna Norman McLaren. Wannan mutum har a jikin zaren fim ɗin kansa yake zane, ba tare da ya ɗauki hoto ba. Mustafa ya ga ashe ba sai da dukiya mai yawa ake wannan aiki ba. Abin da ake buƙata shi ne basira da haƙuri.

Yaya zane yake motsi?

Bari mu tsaya nan kaɗan, don ku san nauyin aikin.

Zane ba ya motsi. Ido ne ake yi wa dabara. Mai zane zai zana kwaɗo a zaune. A takarda ta biyu ya ɗan ɗaga masa ƙafa. A ta uku ya ƙara ɗagawa. Haka har kwaɗon ya yi tsalle ya dira. Sai a ɗauki hoton kowace takarda, ɗaya bayan ɗaya. In aka haska su da sauri, ido sai ya ga kamar kwaɗo ne ke tsalle.

Injin silima yana haska hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ku yi lissafi. Minti ɗaya daƙiƙa 60 ne, wato hoto 1440. Fim mai minti 5 zai ci hoto 7200. Masu zane sukan ɗauki kowane zane sau biyu don rage wahala. Ko da haka, zane 3600 ke nan. A manyan kamfanonin Amurka, ɗaruruwan mutane ke raba aikin. Shi Mustafa, da ƴan hannu kaɗan yake yi, wani lokaci ma shi kaɗai. Da yayyafi kogi kan cika.

Shugaban kwaɗi

A 1965 ya gama La Mort de Gandji, wato mutuwar Ganji. Labari ne na fadar wani sarkin kwaɗi. Fim ɗin ya ci kyauta a babban bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Dakar a 1966.

A shekarar 1966 ɗin ya fito da wanda aka fi saninsa da shi, Bon Voyage Sim, wato Sim, a sauka lafiya. Tsawonsa wajen minti 5 ne. Sim shugaban ƙasar kwaɗi ne. Aka gayyace shi ziyara wata ƙasa. Ga jirgin sama, ga sojoji suna fareti, ga masu busa da kiɗa, ga manya suna ta rawar jiki. Dukkansu kwaɗi ne.

Yaro in ya kalla sai dariya. Babba kuwa ya san inda aka dosa. Zamanin ne sababbin shugabannin Afirka ke yawan kai wa juna ziyara, ana kashe kuɗi wajen shagali, talaka na bakin hanya yana tafi. A shekarar nan ce ma sojoji suka kifar da Kwame Nkrumah na Gana yana can ƙasar waje.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu in suna son faɗa wa mai iko gaskiya, sai su ɗora ta a bakin Gizo, ko kura, ko dila. Kowa ya gane, kuma ba wanda aka kama. Abin da Mustafa ya yi ke nan. Ya ɗauko tatsuniya daga tsakar gida, ya kai ta silima.

Kayan aro

Ba zane kaɗai ya yi ba. Ya yi finafinai da mutane. Cikinsu akwai Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya, shi ma na 1966.

Wani saurayi ne ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati. Cikin akwatin akwai kayan kaboyi: huluna, takalma, bindigogi. Ya raba wa abokansa. Suka saka, suka canza sunayensu, suka hau dawaki. Abin da aka fara kamar wasa ya koma sata, faɗa da raina manya. Ƙauye ya rikice. Cikin ƴan wasan akwai Jingare Maiga da Zalika Sule, waɗanda daga baya suka yi suna a silimar Nijar.

A lokacin samarin Yamai suna cika gidajen silima don kallon kaboyi. Mustafa bai hana kowa kallo ba. Shi kansa daga Turawa ya koyi rabin sana'arsa. Abin da ya nuna shi ne, abin da yaro ke kallo kullum yana shiga jikinsa. Kuma zanen aro ba ya rufe katara.

A 1972 ya yi wani dogon fim mai suna F.V.V.A. Harufan na nufin mace, gida, mota, kuɗi, da Faransanci. Labarin ƙaramin ma'aikaci ne da burin abin duniya ya jefa cikin bashi da cin amana. An nuna shi a FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu. A shekarar nan ce ɗan Nijar Umaru Ganda ya ci babbar kyautar bikin. Lokacin ana jin sunan Nijar sosai a wannan fage.

Kawu biyu

Ku tuna da agwagwa mai hula da muka ambata da farko. Sunansa Donald, kamfanin Disney na Amurka ne ya fito da shi a 1934. Ba a taɓa yi masa aure ba, don haka ba shi da ɗa. Da masu zane suka so saka yara a labarin, sai suka kawo masa ɗiyan ƴar'uwarsa guda uku a 1937. Shi ne kawunsu. Haka aka yi wa ɓera Mickey tun 1932, aka ba shi ɗiyan ƴar'uwa biyu.

Da farko ƴan ukun nan fitinannu ne, aikinsu wahalar da kawu. Daga baya aka mai da su yara masu hankali, har sun fi kawun dabara. Shekara da shekaru ba a nuna uwarsu a tele ba. A sabon shirin da aka fara a 2017 an ba kowannensu halinsa daban, aka kuma dawo da uwar cikin labari. A can, zumuntar kawu hanya ce ta kawo yara don a yi dariya.

To, Mustafa ma ya yi fim a kan kawu, amma ba na dariya ba. Sunansa Toula, ya fito lokacin babban farin da ya kashe dabbobi a farkon shekarun 1970. Da mutane aka yi shi, tare da wata Bajamushiya mai suna Anna Soehring. An ɗauko shi daga tsohon labarin Sonrai wanda Bubu Hama ya rubuta. Ruwa ya ƙi sauka. Boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa. Wadda abin ya faɗa a kanta ita ce Tula, ɗiyar ƴar'uwar sarki. Saurayinta ya tafi neman ruwa don ya cece ta. Ya samu, amma kafin ya dawo an riga an ba da ita.

Duk wanda ya tashi a gidan kawu, ko ya riƙe ɗan ƴar'uwarsa, ya san nauyin wannan labari. Ba wani kamfanin waje da zai ba mu shi yadda muka san shi. Sai namu.

Zaman Tawa

Mustafa ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai har shekara 15. Bai bar zane ba. A 1977 ya yi Samba le Grand, wato Samba mai girma. Wannan karon ƴan tsana ya yi amfani da su. A motsa ɗan tsana kaɗan, a ɗauki hoto, a sake motsawa, a sake ɗauka.

Daga baya ya koma Tawa da zama. Ya buɗe masaukin baƙi, ya keɓe wuri a ciki don aikinsa. Tawa kuwa ita ce garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975. Sai ga shi ya yi fim da ƴan tsana mai suna Kokoa. Kwaɗi, hawainiya da sauran dabbobi ne suka shiga fili. Ga makaɗa, ga ƴan kallo, ga kirari, kamar dai ranar da ake neman takobi.

Zamani ya canza. Kuɗin yin fim ya yi wuya. Gidajen silima suka yi ta rufewa. Bai zauna yana kuka ba. Da kwamfuta ta zo, ya zauna ya koyi zane da ita, alhali furfura ta cika masa kai. Ku da kuka shigo ajin yaƙi da jahilci da girmanku, kun ga ba ku ne farau ba. Gemu ba ya hana ilimi.

A 2007 ƙasar Faransa ta ba shi lambar girma a bikin finafinai na birnin Cannes. Ya rasu ranar 17 ga Maris 2015 a Wagadugu. Allah ya jiƙansa. A 2017 wani babban gidan adana kayan fasaha na birnin New York ya tara finafinansa ya nuna wa jama'a. Mutanen can suka zauna suna kallon kwaɗin Yamai.

Abin da ya rage gare mu

Ga abin takaici. A yau yaro a Yamai zai iya faɗa muku sunan Donald da ɗiyan ƴar'uwarsa. In kuka tambaye shi Sim, sai ya yi shiru. Laifin ba nasa ba ne, ba wanda ya nuna masa.

Wasu daga cikin finafinan Mustafa suna intanet. Tun da yanzu kun iya rubutu, ku rubuta sunansa a salula, ku nema, ku zauna ku kalla tare da yara. In an gama, ku tambaye su abin da suka gane. Ku ma ku ba su tatsuniya ɗaya daga cikin waɗanda kakarku ta ba ku.

Kuma in kun tarar da yaro yana zane a ƙasa, ko yana yanka kwali, ko yana ƙera mota da gwangwani, kada ku ce ɓata lokaci yake. Ku tura shi lakwal, amma ku bar masa kwalinsa. In da hali, ku saya masa fensir da takarda.

Tambayoyi

1. Da wace sana'a Mustafa Alasan ya fara kafin silima?
2. Hoto nawa injin silima ke haskawa a daƙiƙa ɗaya? Nawa ke nan a minti 2?
3. Me ya sa ya yi amfani da kwaɗi maimakon mutane?
4. Mece ce Tula a wurin sarki?
5. Rubuta sunayen dabbobi uku da ke cikin tatsuniyoyin garinku.