Dakta Aggrey, Malamin Gwalkwas

A cikin mutanen Afirka ta Yamma waɗanda suka ba da ransu ga aikin ilmi, kaɗan ne suka yi suna kamar Dakta James Kwegyir Aggrey. An haife shi ran 18 ga Oktoba, 1875, a Anomabo, wani gari na Fanti a bakin teku a ƙasar Gwalkwas, wadda yau a ke kira Gana. Ubansa mai magana da yawun sarkin garin ne, saboda haka yaron ya tashi yana jin yadda manya ke sarrafa harshe a gaban jama'a.

Ya yi karatu a makarantar Mishan a Cape Coast, ya kuwa fara koyarwa tun bai kai shekara 20 ba. A 1898 ya ƙetare zuwa Amurka, ya shiga Kwalejin Livingstone, ya sami digiri a 1902, sa'an nan ya zauna nan yana koyarwa shekaru masu yawa. A can ya yi aure a 1905.

A 1920 aka naɗa wata hukuma da kuɗin Asusun Phelps-Stokes don ta duba halin makarantun Afirka, aka sa shi a ciki. Suka zaga Saliyo, da Laberiya, da Gwalkwas, da Nijeriya, har Afirka ta Kudu, a 1924 kuma suka nufi Afirka ta Gabas. Duk inda ya sauka jama'a kan taru don su ga baƙin mutum wanda Turawa ke saurarawa.

A lokacin nan Gwamna Guggisberg ya ƙudura gina babbar makaranta a Achimota, kusa da Ankara. Ya ɗauko Mista Fraser ya shugabance ta, Aggrey ya zama mataimakinsa. Ginin bai kai wuyar shawo kan iyaye ba, gama da yawa suna zargin makarantar Gwamnati ce da za ta ba 'ya'yansu ilmi ƙasa da na Turawa. Aggrey ne ya bi garuruwa yana bayani har suka yarda. Ya kuma tsaya a kan a karɓi 'yan mata tare da maza, don ya ga ilmin uwa shi ke shiga gida duka. Alamar makarantar kuwa, watau maɓallan fiyano baƙaƙe da farare, daga misalinsa aka samo ta, cewa kiɗa ba ya cika sai an haɗa su duka biyu.

Akwai waɗanda suka ga haƙurinsa da masu mulki ya yi yawa. Amma a cikin samarin da maganarsa ta tayar akwai Kwame Nkrumah da Nnamdi Azikiwe, waɗanda daga baya suka shugabanci ƙasashensu.

An buɗe Achimota a Janairu, 1927. A shekarar nan ya koma Amurka don ya ƙarasa wani karatu, ciwon sanƙarau ya kama shi, ya rasu a birnin New York ran 30 ga Yuli, yana da shekara 51.

To, mu malamai, mun san uban da ke ɓoye 'yarsa ran da a ke ɗaukar 'yan makaranta. Tilas ba ta kan fito da ita da daɗin rai. Aggrey da ƙafarsa ya je, ya zauna da iyaye, ya amsa tambayoyinsu. Wannan hanya tana buɗe gare mu duka.