Marigayiya Alimotu Pelewura, Uwar Matan Kasuwar Ikko

Jama'a, a wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wata baiwar Allah daga cikin masu masaukinmu Yarabawa, wato Alimotu Pelewura, da bakinmu Halimatu. An haife ta a Ikko wajen shekarar 1865. Musulma ce, ba ta yi boko ba, kuma sana'ar kifi ta gada wurin mahaifiyarta. Da wannan kifin ta yi suna, har Sarkin Ikko Eshugbayi Eleko ya ba ta sarauta a 1910. Daga baya ta zama shugabar kasuwar Ereko, inda ake cinikin nama, wanda galibin shanunsa fatakenmu ne ke gangaro da su daga Arewa. Ashe ke nan da ita da kakanninmu ba baƙin juna ba ne.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne tsari. Matan Ereko kan tara taro-taro duk mako, da kuɗin nan suke biyan akawun da ke rubuta masu wasiƙa da yi masu tafinta, su kuma ɗauki lauya in an kama wata. To kun ga, mace ko ba ta san bihim ba, ta shiga ofishin Bature da takardarta da mai tsaya mata. A shekarun 1920 ta haɗa kan kasuwanni suka zama Ƙungiyar Matan Kasuwar Ikko, da goyon bayan Herbert Macaulay.

A 1932 jita-jita ta bazu cewa za a ɗora wa mata haraji. Ta ja tawaga zuwa wurin hukuma, Turawa kuwa ba su manta da tarzomar matan Aba ta 1929 ba, sai suka ce babu wannan magana. Amma da Yaƙin Hitila ya matsa, a 1940 suka ce duk macen da ke samun fiye da fam 50 a shekara sai ta biya. Mata suka rufe kasuwanni, suka yi ɗango da takardar koke zuwa ga Gwamna Bourdillon. Hujjar Pelewura ita ce: mata ne ke riƙe da gidaje a wannan tsanani, har wasu su ke biya wa mazajensu haraji, ga shi kuma ba a ba su ƙuri'a ba. Ba a soke dokar ba, amma an ɗaga iyakar zuwa fam 200, wanda kaɗan ne daga cikinsu ke samu.

Babban gumurzu sai a 1941, da aka ƙayyade farashin abinci a ƙarƙashin wani Kyaftin Pullen. Bature yana zaune a ofis ya yanke kuɗin garin kwaki, bai lissafa kuɗin mota ba, bai lissafa na jirgin kwalekwale da na ɗan dako ba, balle buhun da ruwa ya jiƙa a hanya. Duk ɗan kasuwa ya san ƙarshen wannan. Kaya suka ɓace a fili, suka koma bayan fage da tsada, mutane na dogon layi a kasuwannin gwamnati, ana kama mata ana cin su tara, wasu har gidan yari. Pullen ya nemi ya ba Pelewura albashi don ta kula masa da sayar da garin, ta ƙi. Wallahi ba kowane shugaban kasuwa ne zai mayar da irin wannan tayi ba, ko a jiya ko a yau.

A nan dole in tuna da matanmu masu bin hanyar Badagry zuwa Seme da kasuwar Dantokpa ta Kwatano. A ƙa'idar ECOWAS, amfanin gona da aka noma a ƙasashen ƙungiyar ba ya biyan kuɗin kwastan. Amma mace nawa ce ta san haka? Ita kaɗai take tsayawa a shinge da ɗan ƙunshinta, a faɗa mata abin da aka ga dama, ta biya don kada tumatirinta ya ruɓe. Da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, masu ƙaramin jari irinsu ne suka fara durƙushewa. Mu maza muna da sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin shanu da na goro, su fa? Taron nan na matan Ereko bai fi ƙarfin ƙungiyarmu ba.

A yajin aikin gama-gari na 1945, Pelewura ta sa mata suka sassauta wa ma'aikata farashi don su iya jurewa, kuma a shekarar ne tsarin Pullen ya rushe. Ta mara wa jam'iyyar NCNC baya a ƙarshen rayuwarta, lokacin tsufa da rashin lafiya sun fara cin ƙarfinta. Ta rasu a 1951, dubban mutane suka raka gawarta. Allah Ya jiƙanta da rahama, amin.