Alfred Wegener, Mutumin Da Duwatsu Suka Yi Wa Shaida

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in ba ku labarin wani Bajamushe, Alfred Wegener, don nan gaba in yaro ya dubi taswira ya ce gaɓar Afirka ta Yamma da ta Barazil kamar ɓarin ƙwarya ɗaya ne, kada ku kwaɓe shi.

An haifi Wegener a Balin cikin 1880. Ilmin taurari ya karanta, amma aikin yanayi ya kama. Cikin 1912 ya tashi gaban masana ya ce nahiyoyin nan dā a haɗe su ke, daga baya suka rabu. Aka harbe shi a Yaƙin Duniya na Farko, yana jinya ya ƙarasa littafinsa, ya fito cikin 1915. Hujjarsa kuwa, ƙasusuwan dabba iri ɗaya da jerin duwatsu iri ɗaya a hayi biyu na tekun Atlantika.

Masana suka tambaye shi wane ƙarfi ne ke tura nahiya. Amsar da ya bayar ba ta gamsar ba, kuma a ganina suna da gaskiyar tambaya, ko da ya ke ba'ar ta yi yawa. Ya rasu cikin Nuwamba 1930 a kan ƙanƙarar Girinlan, yana komowa daga kai wa abokan aikinsa guzuri, yana da shekara 50.

To, shaidar tana cikin duwatsu. Sa'ad da narkakken dutse ya fito daga ƙasa, kamar yadda aka yi a Biu da Jos a zamanin dā, ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke cikinsa sukan juya su fuskanci arewa tamkar allurar kamfas. Da ya huce, shi ke nan, sun kafe a haka. Karkatarsu kuma takan nuna nisan wurin daga tsakiyar duniya: a can kusa da ƙuryar arewa a tsaye su ke, a tsakiya kuwa a kwance. Cikin 1956 Keith Runcorn da Ted Irving suka nuna cewa tsofaffin duwatsun nahiyoyi dabam dabam ba arewa ɗaya su ke nunawa ba. Duniya kuwa ba ta da arewa biyu, watau ƙasar ce ta gusa. Cikin 1963 Vine da Matthews suka karanta irin wannan maganaɗisu a ƙasan teku, suka ga ƙasan tekun buɗewa ta ke yi; Atlantika kuwa tana buɗewa kamar inci ɗaya ko biyu a shekara.

Mu nan Kuchigoro a kan tsohon dutse mu ke zaune, irin na Aso da Zuma. 'Yan'uwansa suna arewa maso gabashin Barazil. Rabuwarsu ta fi shekara miliyan 100, kuma tsagar da ta raba su ita ce ta yi reshe ta bar mana kwarin Binuwai.