Kenzo Tange, Gwanin Tsara Gine-gine

An haifi Kenzo Tange a Osaka ta ƙasar Japan cikin 1913. Tun yana ɗalibi a Hiroshima ya ga zane-zanen Le Corbusier, ya ƙudura niyyar bin sawunsa. Cikin 1945 bam ɗin Amurka ya mai da birnin nan toka. Da aka sa gasar tsara dandalin tunawa da mamata cikin 1949, Tange ya cinye, ya ɗora ɗakin tarihi na kankare bisa ginshiƙai. Shi ya zana zauren wasanni na Yoyogi domin gasar Olamfik ta 1964, wanda rufinsa ke rataye da igiyoyin ƙarfe. Shi kuma ya tsara tsakiyar Abuja. Ya rasu ran 22 ga Maris, 2005.