Bawan Allah Da Bai Taɓa Ganin Kano Ba

Karatu: 1 Korantiyawa 15:58

An haifi James Schön a Jamus a 1803. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Basel, wadda ta tsiro daga farkawar da littattafan Johann Arndt da Philipp Spener suka kawo. Koyarwarsu ita ce, bangaskiya a aiki ake ganinta.

A 1841 ya shiga kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsu da yawa. Schön ya tsira, ya duƙufa ga koyon Hausa. Amma a 1847 rashin lafiya ya raba shi da Afirka, ya koma hidima a asibiti a Ingila.

Da wani ne, da ya ce aiki ya ƙare. Shi kuwa ya zauna da Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram wanda matafiyi Barth ya kai Turai, yana koyon Hausa daga bakinsa. Ya fassara Bisharar Matiyu a 1857, ya wallafa ƙamus a 1876. Ya rasu a 1889, bai taɓa taka Kano ba.

Ɗan'uwa, wataƙila ciwo ya kwantar da kai, ko yaƙin 2023 ya raba ka da gidanka a Bahri ko Omdurman. Aikinka bai ƙare ba. Me ke hannunka yau?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka more ni a inda nake. Amin.